Na ƙona dala 1,100 a NAS100, ga ɗaukar adashina ta kusa: in koma ko in haƙura?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina karanta ku ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci ni a rai. Gyaran waya nake yi a Adum, cikin Kumasi a Ghana. Bayan ƙaramar Sallar 2025 na tura dala 300 ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ga wani dillalin intanet, lokacin dala tana wajen sidi 15 da rabi. Ranar Laraba 2 ga Afrilu Trump ya sanar da harajinsa a kan kayan ƙasashen duniya, kasuwar Amurka ta fara zubewa. Na shiga NAS100, lambar da ke auna hannun jarin wasu manyan kamfanoni a kasuwar Amurka, a kan cewa za ta faɗi. Alhamis ta faɗi, Juma'a ta ƙara faɗuwa. Dala 300 ta zama 1,100. Wallahi tun da na riƙe sukudireba ban taɓa ganin irin wannan kuɗi a kwana biyu ba.

Ranar Laraba 9 ga wata na sake shiga, na ƙara girman ciniki. Na sa birkin tsayar da asara, amma da na ga farashi yana zuwa bakinsa yana komawa, sai na cire shi. Wajen biyar da kwata na yamma ina canza wa wata baiwar Allah gilashin waya, kafin in gama in duba, dala talatin da 'yan kai suka rage. Tun daga ranar ban sake buɗe manhajar ba.

Nan da sati biyu zan ɗauki adashi, sidi 8,000. Zuciyata tana ce mini na riga na gane kuskurena. Ku faɗa mini gaskiya.

Matashin Madina: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Sannu, Allah Ya mayar da alheri. A wannan lokacin da ka faɗa ne Trump ya rubuta cewa ya jinkirta yawancin harajin na kwana 90, in ban da na Sin. A ranar lambar kasuwar Amurka ta S&P 500 ta tashi kashi 9.5 cikin ɗari, Nasdaq ta tashi wajen kashi 12. Ba kai kaɗai ba ne, manya ma sun sha kashi. Amma ni shekarata huɗu a harkar nan, kuma abin da zan ce maka shi ne ba kasuwa ce ta cinye ka ba. Abu biyu ka yi: ka cika kaya, ka cire birki. Ƙa'ida ita ce kada ciniki ɗaya ya iya ci maka fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na jarinka. Da ka bi wannan, da dala 20 ka rasa ranar, ka kwana lafiya. In za ka koyi horon kai, ka dawo.

Baba Mai Goro: 'Ya'yana, kafin ku yi nisa ku taimaki tsoho. Shekara arba'in ina loda goro zuwa Legas da Kano. In na sayi huhu, ina ganinsa, ina taɓa shi, ina yayyafa masa ruwa. In kasuwa ta faɗi, gorona yana nan, in jira ko in karyar. Wannan NAS ɗin da yaron nan ya sayar, me ya ba mai saye a hannu? Kuma ina ya samo shi tun farko da har ya sayar?

Yaya Akanta (Nima): Baba, tambayarka ita ce gaba ɗayan maganar. Bai ba kowa komai ba, kuma bai taɓa mallakar komai ba.

Abin da ake kira ma'aunin kasuwa lamba ce kawai. Kamar a ce kullum a tara farashin goro, albasa, masara da shinkafa na kasuwar Kejetia a fitar da lamba ɗaya da za ta nuna ko kaya sun hau ko sun sauka. S&P 500 tana auna hannun jarin manyan kamfanonin Amurka wajen 500. Dow Jones, wadda yaran nan ke kira US30, kamfani 30 ne. NAS100 kuma manyan kamfanoni ɗari ne na kasuwar Nasdaq, su Apple da Microsoft da Nvidia ne suka fi nauyi a ciki. Mu ma muna da tamu a nan Accra, ta kasuwar hannun jarin Ghana, wadda aka fara lissafinta daga maki 1,000 a farkon 2011.

Abin da ƙanena ya yi, yarjejeniya ce tsakaninsa da dillali: in lambar ta sauka dillali ya biya shi bambancin, in ta hau shi ya biya dillali. Ko hannun jari ɗaya na Apple bai shiga sunansa ba.

Sai maganar ninki, wato dillali ya bar ka ka buɗe cinikin da ya fi kuɗinka sau da yawa, wadda ita ce wuƙar. Ƙanena, ninki nawa dillalin ya ba ka?

Ɗan Aboabo: Ɗaya bisa ɗari, Yaya. Akwai ma na ɗari biyar, ban taɓa shi ba. Ranar nan cinikin da na buɗe ya kai na dala 35,000.

Yaya Akanta (Nima): To Baba ka ji. Da dala 1,100 ya ɗauki kayan dala 35,000. In lambar ta motsa kashi 1 cikin ɗari ta inda bai so ba, dala 350 ta tafi. Kashi 3 ya isa ya share shi. Ranar kuwa kashi 12 ta yi. Ko da da rabin wannan kayan ya shiga, ko da kashi ɗaya cikin uku, ƙarshen ɗaya ne.

Kuma ga abin da nake so Matashi ya amsa mini. Ka ce birki. Birki umarni ne kawai cewa in farashi ya kai wuri kaza a fitar da ni. A rana mai natsuwa yana aiki. A irin wannan ranar farashi ba tafiya yake ba, tsalle yake. Ka sa birki a nan, ya tsallake shi, a fitar da kai can gaba inda aka samu mai karɓa. A daidai lokacin ne kuma dillali ke buɗe tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. In ka kwana da ciniki daga Juma'a zuwa daren Lahadi, kasuwa tana iya buɗewa nesa da inda ta rufe, birkinka yana tsakiyar ramin. Wato ranar da ka fi buƙatar birkin, ranar ce ya fi rauni.

Matashin Madina: Gaskiya ne Yaya, ban musa ba, ya taɓa faruwa da ni. Shi ya sa nake rage kaya in kasuwa ta haukace. Akwai ma'aunin da ake kira VIX, na tsoron kasuwa. In yana ƙasa da 20 ruwa kwance yake. A Afrilun 2025 ya haura 50, a Maris 2020 lokacin korona ya haura 80. In na gan shi sama da 30, ina raba cinikina gida huɗu in shiga da kashi ɗaya, ko in zauna in kalla. Kuma ba na shiga lokacin fitar labari. Rahoton ayyukan yi na Amurka yakan fito yawanci Juma'ar farko ta wata, ƙarfe takwas da rabi na safe agogon New York, wato sha biyu da rabi a nan in suna lokacin zafi, daidai muna shirin masallaci. Babban bankinsu kuma yana sanar da kuɗin ruwa biyun rana nasu, shida na yamma namu, gab da magariba. Ina rufe komai kafin nan. Sana'a ce kamar kowace, tana da dokokinta.

Malam na Sawaba: Bismillah. Ɗana na Aboabo, Allah Ya sanyaya maka. Na jira a bayyana yadda abin yake kafin in sa baki, domin hukunci yana bin fahimtar abu. Yanzu 'yata ta bayyana.

Ba sabuwar mas'ala ba ce. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 a kan kasuwannin kuɗi, kuma ta yi magana a kan wannan ma'auni da sunansa. Matsayarta ita ce saye da sayar da shi bai halatta ba, domin caca ce tsantsa, kuma sayar da abin da babu shi ne. Asalin yana cikin hadisin Hakim ɗan Hizam, inda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya hana shi sayar da abin da ba ya wurinsa. Ka duba abin da ka yi: babu kaya, babu karɓa, babu miƙawa, abin da ɗaya ya samu shi ne abin da ɗayan ya rasa. Sannan in ciniki ya kwana ana cire maka wani kuɗi kowane dare saboda ninkin da aka ba ka. Wannan sunansa riba, irin wadda aka haramta.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Sayen hannun jari na gaskiya a kamfanin da sana'arsa halal ce, ka zama mai rabo a cikinsa, malamai da yawa sun halatta shi da sharuɗɗa. Wannan daban, wancan daban.

Ɗan Tafo: Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Amma dillalai da yawa suna da abin da suke kira asusun Musulunci, ba sa cire kuɗin kwana. Wannan fa?

Malam na Sawaba: Ɗana, an cire ƙaya ɗaya, sauran suna cikin ƙafa. Cire kuɗin kwana bai sa ka mallaki komai ba. Wasunsu ma suna mayar da shi ta wata ƙofa da sunan kuɗin hidima bayan 'yan kwanaki. Ka karanta takardar sharuɗɗan da kyau kafin sunan ya ruɗe ka.

Matashin Madina: Malam, da girmamawa, ban isa in ja da kai a fiƙihu ba. Amma kalmar caca tana yi mini nauyi. Mai caca yana jefa ƙwallo ya rufe ido. Ni ina karatu, ina duba zanen farashi, ina rubuta kowane ciniki a littafi. Baba ma in ya sayi goro yana hasashen farashin Kano ne, zai iya faɗuwa.

Baba Mai Goro: Yaro, ina hasashe, gaskiya ne. Na taɓa kai kaya na tarar kasuwa ta cika, na sayar ƙasa da yadda na saya. Amma na dawo da kashi bakwai cikin goma na kuɗina, domin goron mutane suka ci. Ban taɓa kwanciya da huhu ɗari in tashi in tarar babu ko ganye ba don wani sarki ya yi magana a wata ƙasa. Kuma wanda ya sayi gorona bai yi asara don na samu ba. Ya kai biki, ya kai suna, ya ci ribarsa.

Yaya Akanta (Nima): Matashi, bar maganar suna, mu je ga ƙidaya, tunda ita ce aikina. A 2018 hukumar da ke kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta duba asusun ƙananan masu irin wannan ciniki, ta ga tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari asara suke yi. Daga nan ta hana a ba su ninkin da ya wuce 20 a kan manyan ma'aunai, ta kuma tilasta wa dillalai su rubuta adadin masu asara a tallarsu. Ka lura: Bature da albashinsa an ce 20 ya ishe shi. Namu yaran ana ba su 100, ana ba su 500, domin kamfanonin da ke karɓar momo ɗinsu rajistarsu tana wasu tsibirai inda wannan doka ba ta kai ba.

A Brazil wasu masana sun bi mutanen da suka fara cinikin yini a kan ma'aunin kasuwarsu tsakanin 2013 da 2015. Cikin waɗanda suka dage fiye da kwana 300, kashi 97 asara suka yi. Waɗannan ba masu gwadawa su gudu ba ne, su ne masu naci, masu karatu irinka. A Indiya ma hukumarsu ta sami kusan tara cikin goma suna asara.

Ban ce ƙarya kake ba. Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma don Allah ka amsa a gaban jama'a, tunda ƙanenmu zai ɗora adashinsa a kan maganarka. A shekara huɗun nan, nawa ka tura gaba ɗaya, nawa ka ciro ya shigo momo ɗinka? Ba abin da manhaja ke nunawa ba. Abin da ya shigo hannu.

Ɗan Canjin Alabar: Kafin ya amsa bari in ƙara abin da ba wanda ya ambata, tunda kuɗin ƙasashe ne abincina. Ɗan'uwa, kai fa caca biyu kake yi a lokaci guda, Malam ya yafe mini kalmar. Da sidi kake ci kake sha, asusunka kuwa na dala ne. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14 kafin ƙarshen shekara, kowa ya ce dala ita ce mafaka. A 2025 kuma daga sidi 15 da rabi a Afrilu ta gangaro kusan 10 kafin Mayu ya ƙare. Da a ce ka bar dala 1,100 ɗin nan ba ka taɓa ta ba, a Afrilu sidi 17,000 ce, a farkon Yuni ba ta kai 12,000 ba. Na ga manyan 'yan kasuwa a layinmu sun zauna sun dafe kai a watan nan. Mu da muke riƙe takardar a hannu ke nan.

Ɗan Tafo: Ni fa shi ya sa na bar na Amurka na koma wani ma'auni da ake kira V75. Ba ruwansa da Trump, ba ruwansa da labari, Asabar da Lahadi ma yana tafiya.

Yaya Akanta (Nima): Ɗan Tafo, ƙanena, ka san dalilin da ya sa ba ruwansa da labari? Domin babu kamfani ko ɗaya a bayansa. Kwamfuta ce ke fitar da lambobin da ka, su kansu masu shi sun rubuta haka. NAS100 ko ba komai inuwar kasuwa ce ta gaske. Wannan ko inuwa ba shi da ita. Don Allah ka fita.

Matashin Madina: Yaya, na je na buɗe littafin. Zan faɗa don Allah. Shekarar farko na ƙona asusu uku, dala 1,900. Ta biyu na rasa 600. Ta uku na tashi kusan babu ci babu asara. Bana ina sama da dala 1,400. In aka haɗa, har yanzu ina ƙasa da dala 1,100, ban sa kuɗin data da kuɗin wani kwas da na biya ba. Ban taɓa haɗa shi haka wuri ɗaya ba sai yau. Amma ina ganin na juya kwana, shekara biyun nan ban ƙona asusu ba. Ba zan bari ba tukuna. Sai dai na janye maganata ta farko: kada ya sa adashi. Ni da albashi nake yi, abin da na sa in ya tafi ba ya taɓa tukunyar gidanmu.

Malam na Sawaba: Allah Ya yi maka albarka da wannan gaskiyar, ɗana. Ba kowa ke iya ta a bainar jama'a ba. Maganata a kan hukuncin tana nan yadda take, kuma ƙofata a buɗe take in kana son mu zauna.

Hajiya Uwar Adashi: Ni ban san NAS ba, ban san VIX ba, amma adashi na sani, shekara ashirin ina riƙe shi a Asawase. Ɗana, kuɗin da za ka ɗauka ba naka ba ne duka. In ku goma ne kai ne na huɗu, zubin mutum shida yana wuyanka. Mai koko tana ciki, mai waake tana ciki, mai tuƙa pragya, wato keke mai ƙafa uku, yana ciki. Na ga abin da ya faru a 2018 da kamfanin zinariyar nan mai karɓar jarin mutane ya rufe. Mata uku a hannuna sun kai ɗaukarsu can. Wata biyar ina cika zubinsu daga jarina don kada adashin ya watse, ɗaya har yau in ta hango ni sai ta canza hanya. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, zumuncin ne. Me ka yi niyyar yi da kuɗin tun ranar da ka shiga adashin?

Ɗan Aboabo: Hajiya, injin raba gilashin waya da madubin duba ƙananan wayoyin cikin allo. Yanzu in aikin ya zo sai in kai wa wani a layinmu mu raba kuɗin. Da su zan riƙa yi da kaina.

Amma bari in faɗi abin da ke raina, kada in yi muku ƙarya. Ba dala 300 ɗin ke hana ni barci ba. Kwana biyun nan ne. Na zauna a kan benci, ban sha hayaƙin dalma ba, ban yi ciniki da kowa ba, dala 800 ta shigo. Tun daga nan in mutum ya tsaya yana taya ni gyaran sidi 40, sai in ji raina ya ɓaci. Da ba haka nake ba. Kuma kullum ɗaya da rabi na rana ta yi, na san New York ta buɗe, sai hannuna ya tafi aljihu.

Yaya Akanta (Nima): Wannan da ka faɗa yanzu ya fi duk lissafina muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa nake jin tsoron komawarka ko da dala goma ce. Ka sani kuma, kwana biyun nan ba gwaninta ba ce. Kasuwar da ta faɗi kusan kashi 5 ranar Alhamis, ta ƙara kusan 6 ranar Juma'a, duk wanda ya tsaya a gefen faɗuwa ya samu. Irin wannan girgiza tana zuwa da tagwayenta. Ranar 5 ga Agusta 2024 kasuwar Japan ta faɗi fiye da kashi 12, washegari ta tashi kashi 10. A Maris 2020 sau huɗu aka dakatar da ciniki a New York saboda faɗuwar kashi 7, kuma a cikin watan ne aka yi wasu ranakun tashi mafi girma. Wanda ya ci a ta farko da ninki, ta biyun ke jiransa.

In bayan ka sayi injinka wani abu ya ragu kana son ka san harkar hannun jari, akwai dillalai masu lasisin hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta Ghana, sunayensu suna shafinta. Ka sayi hannun jari kaɗan da sunanka, babu ninki, ka nuna wa Malam kamfanin ya duba maka sana'arsa. Shi ma yana faɗuwa, ba na ɓoye maka, kuma kasuwarmu ba ta da yawan ciniki, wani lokaci sai ka jira mai saye. Amma ba a share ka cikin minti goma.

Matashin Madina: Ɗan'uwa, abu ɗaya daga gare ni. In ka yanke ba za ka koma ba, goge manhajar daga wayar yau, ka fita daga zaurukan masu ba da sigina, masu ce maka shiga yanzu, fita yanzu. Muddin tana nan, ranar da ka ji labarin kasuwa ta sake zubewa za ka buɗe. Ni na san wannan ƙaiƙayin.

Baba Mai Goro: Injin nan nawa ne, ɗana?

Ɗan Aboabo: Na taya wata biyu da suka wuce, Baba, duka biyun da kayan haɗinsu an ce mini wajen sidi 6,500. Zan sake tambaya gobe. Manhajar kuma ban goge ba tukuna, ina kallonta yanzu haka. Dala talatin ɗin tana ciki.

Hajiya Uwar Adashi: Ciro ta ka sayi dalma da ita. Ranar ɗauka kuma kada kuɗin ya kwana a momo ɗinka. Ka gaya wa uwar adashinku ta riƙe, ku tafi shagon injin tare ta biya da hannunta. In tana da uzuri ka yi mini magana ta gefe, ni zan raka ka, Adum ba nisa.

Ɗan Aboabo: To Hajiya. Ranar Asabar ce ta sama. Zan yi mata magana yau bayan isha'i, in ta ce ba za ta samu zuwa ba zan neme ki.